Filin Makaranta Ya Rame

Da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Talata aka kawo rahoto caji ofis cewa an tsinci gawa a bayan firamaren Hayin Kargo, can gefen garin Kontagora. Sufeto Mahmudu yana shan koko a lokacin. Ya shanye kokonsa, ya ɗauraye kofin, sannan ya ce da Saje Godspower ya tayar da mota.

Kada a ce rashin imani ne. Shekara shida ya yi yana aiki a ƙauyukan Mariga, ya ɗauki gawa har ya daina ƙirgawa. Tun daga nan zuciyarsa ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Yana aiki, yana salla, yana cin abinci, amma ba abin da yake ratsa shi.

Gawar Malam Isma'ila ce, malamin lissafi na aji shida, dattijo da ya kusa ritaya. Tana kwance rigingine cikin ciyawa a ƙarshen filin makaranta, kusa da ɗan ginshiƙin siminti irin wanda ake kafawa a iyakar fili. Ƙeyarsa ta fashe, jini ya bushe a kan simintin. Agogonsa yana hannunsa, wayarsa tana aljihu. Wannan ba aikin ɓarawo ba ne.

Mahmudu ya dafa ginshiƙin zai miƙe, sai ya ji yana girgiɗi kamar haƙorin yaro. Abin da aka kafa shekara talatin bai kamata ya yi motsi haka ba. Ya rubuta a ɗan littafinsa. Ya sa aka sallami yara, aka kulle azuzuwa da ofis da sababbin kwaɗuna, Saje ya zuba makullan a aljihu.

Wajen ƙarfe tara hedimasta ya iso a kan babur. Malam Abdulfatahi sunansa, mutum mai tsafta da farin gemu, jan biro maƙale a aljihun gaba. Da ya ga gawar ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Ya ce tun ƙarfe goma na safiyar Litinin ya tafi Bobi ta'aziyyar kawun matarsa, can ya kwana domin hanya ba ta biyuwa da yamma, yanzu shigowarsa gari ke nan.

"Marigayi yana da abokin faɗa?"

"Isma'ila? Ko kaza ba ya kora. Amma, Yallaɓai, a tambayi maigadi. Shi ne dai yake nan dare da rana."

Kafin su rabu ya nemi a buɗe masa ofis ya ɗauko tabaransa. Mahmudu ya ce sai an gama bincike.

Maigadin shi ne Ndako, tsoho Banufe mai shekara saba'in, wanda ya fara ganin gawar da asuba ya yi kururuwa. A ɗakinsa Saje ya ɗaga tabarma ya tarar da doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli, da jini a gefe ɗaya. Malamai suka ce ta marigayi ce. Aka sa wa tsoho ankwa.

Bayan likita ya duba gawa aka yi jana'iza da azahar. Babban jami'in ofis ya kira Mahmudu ya ce magana ta ƙare: ga gawa, ga igiya, ga mutum. Ranar Alhamis da sassafe mota za ta kai Ndako Minna. Mahmudu ya san abin da wannan yake nufi. Wanda aka kai da tuhumar kisa, ko yana da gaskiya, sai ya share shekaru a gidan yari yana jiran shari'a. Ɗan shekara saba'in ba ya fitowa daga irin wannan jira da ƙafarsa. Ya nemi a ba shi zuwa daren Laraba. Aka ba shi, don ba a ga abin da za a rasa ba.

Ba tausayi ne ya sa shi ba. Ginshiƙin nan mai girgiɗi ne ya tsaya masa a rai.

Da yamma ya sa aka fito da Ndako daga bayan kanta. Tsohon ya durƙusa, Hausarsa tana karyewa saboda tsoro. Ya ce igiyar a kan hanya ya tsince ta da asuba, tun bai ga gawa ba, ya ɗauka don ɗaure akuyarsa. Da ya ga abin da ya gani sai ya tsorata ya tura ta ƙarƙashin tabarma.

"Baba, jiya daga azahar zuwa magariba kana ina?"

"Ina bakin ƙofa, ranka ya daɗe."

"Ba ka gusa ba?"

"Ko taku ɗaya."

"Ka ga Malam Isma'ila ya dawo?"

"Ban ga kowa ba."

"To, ba ka gusa ba, ba ka ga kowa ya shiga ba, ga gawa a ciki. Wa ya rage, Baba?"

Da bakinsa tsohon yake saƙa wa kansa igiya, bai sani ba. Haka ƙarya take. Mutum ya yi ta don ya tsallake ɗan kududdufi, ta jefa shi kogi.

Da safiyar Laraba Mahmudu ya koma ɗakin maigadi shi kaɗai. A bayan ƙofa ya ga buhun masara, ɓawonta bai gama bushewa ba, ga lauje da ɗanyar ƙasa a jikinsa. Ya ɗauki ƙwarya guda ta masarar ya koma ofis, ya ajiye a gaban Ndako.

"Wannan a bakin ƙofa ta tsiro?"

Sai ga gaskiya ta fito. Tun da kaka ta yi, kullum in aka tashi daga makaranta Ndako yakan sulale ya tafi 'yar gonarsa, sai an kira magariba ya dawo. Ya ɓoye ne don kada a kore shi daga aiki. Ba wanda ya gan shi a gonar, balle ya yi masa shaida. Da aka tambaye shi wa ya san yana fita, ya ce mutum ɗaya ne, hedimasta, kuma ya rufa masa asiri, Allah ya saka masa da alheri.

Babban jami'i ya ce wanda ya yi ƙarya jiya zai yi yau, mota tana nan a kan bakanta.

Mahmudu ya aika a kira Malama Deborah, malamar aji biyar, wadda ajinta yake jikin na marigayi. Ta zo da baƙin gyale, idonta a kumbure. Ta ce ita ba ta san wata rigima ba, kowa lafiya yake zaune da kowa. Tana faɗa tana kallon ƙasa. Saje ya buɗe aji shida suka shiga.

Darasin Litinin yana nan a allo ba a goge ba. An zana fili mai kusurwa huɗu, an rubuta casa'in a gefen tsawo, an sa alamar x a gefen faɗi. A ƙasa, da rubutun marigayi mai kyau, akwai tambaya da Turanci: kewayen filin makarantarmu mita ɗari biyu da saba'in ne, tsawonsa mita casa'in, nemo faɗinsa.

Mahmudu ya ce shi tun firamare suka raba gari da lissafi, ta yi masa bayani kamar yaro.

Ta ce Malam Isma'ila ba ya koyar da awo a kan allo kawai. Duk shekara, a zangon farko, yakan fita da 'yan aji shida su zagaye filin makaranta da igiyarsa. Igiyar mita goma ce, da ƙulli a kan kowace mita. Yara su ja daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi suna ƙirgawa da ƙarfi, su dawo aji da adadin kewaye. Sai ya ba su tsawo, ya ce su nemo faɗi da kansu.

Ta ɗauki alli. "Abin da ba ka sani ba, Yallaɓai, ka ba shi suna x, ka ajiye shi gefe. Fili yana da tsawo biyu da faɗi biyu. Casa'in sau biyu, ɗari da tamanin. Cire shi daga ɗari biyu da saba'in."

"Saura casa'in."

"Wannan na faɗi biyu ne. Raba."

"Arba'in da biyar."

"Ka ga ashe ba ku raba gari ba."

A kusurwar ajin akwai kabad ɗin marigayi. Ciki an jera tsofaffin littattafan yara, domin duk shekara yakan ajiye na wanda ya fi kowa tsaftar aiki. Mahmudu ya buɗe na bara. Tambaya iri ɗaya, zane iri ɗaya, amma kewaye mita ɗari uku, faɗi sittin. Ya buɗe na bara waccan, sittin. Ya zaro na can ƙasa da gara ta fara ci, sittin.

Ya ɗago ya dube ta. Sai a lokacin ta zauna a kan bencin yara ta yi magana. Ta ce ranar Litinin da aka tashi marigayi ya leƙo ajinta ya ce, "Malama, ko dai igiyata ta ƙara tsawo, ko filinmu ya rame." Yara sun ja igiya ashirin da bakwai, shi kuwa a shekara ashirin da biyu da ya yi yana awon, talatin ya sani. Bai ce musu sun yi kuskure ba, ya bar su suka rubuta abin da suka auna. Ya ce zai je gida ya ci abinci, ya aro tef na awo wurin wani kafinta, ya dawo bayan la'asar ya gwada igiyar.

Akwai kuma abin da ta ɓoye. Tun farkon zango hedimasta ya hana fita awo, ya ce ciyawa ta yi yawa, akwai macizai. Marigayi ya biya aka sare hanya, ya fita da yaransa. Hedimasta yana tsaye a baranda ya ga sun fito da igiya, ba a fi minti goma ba ya ce an yi masa rasuwa a Bobi.

"Me ya sa ba ki faɗa tun farko ba?"

"Shi yake rubuta rahoto a kaina, Yallaɓai. Ina da yara uku."

Mahmudu bai yi mata faɗa ba. Ya ga masu tsoro da yawa, ya san yawancin ɓarna a duniya da shirunsu ake yin ta.

Suka fita fili da tef na ofis, shi da Saje. Tsawo casa'in, ba ƙari ba ragi. Faɗi, daga bakin titi zuwa ginshiƙin da aka tsinci gawa, arba'in da biyar. Mahmudu ya ce a ci gaba da ja cikin ciyawa. A daidai mita goma sha biyar ƙafar Saje ta nutse a wani rami da aka cike da ƙasa mai laushi. Suka tona da sanda, ga gutsattsarin tsohon siminti.

Saje Godspower ya daɗe yana neman filin gina gida, don haka wannan lissafin ba sai an koya masa ba. Ya share gumi ya ce, "Oga, fuloti ɗaya ƙafa hamsin ne da ƙafa ɗari, kusan mita sha biyar da mita talatin ke nan. Talatin sau uku casa'in. Fuloti uku cif wani ya yanka. Ni ina yawo da takalmi ɗaya ina nema, ashe ga inda ake rabawa."

Mahmudu bai yi dariya ba. Ya tambayi Malama ina littattafan yara na ranar Litinin. Ta ce a kan teburin marigayi suka tara su da aka tashi, da idonta ta gani. Teburin kuwa babu komai a kansa.

Aka buɗe ofishin hedimasta. Littattafan suna kan teburinsa, kashi biyu. Mahmudu ya ɗauki na sama daga babban kashin. Yarinya ce mai suna Umaima, ta yi aikinta daki-daki har ta kai arba'in da biyar. An soke ɗari biyu da saba'in da jan biro an rubuta ɗari uku. An soke amsarta an rubuta sittin. A gefe an rubuta: ki riƙa ƙirga da kyau. A ƙasa sa hannu da kwanan wata.

Ya ƙirga. Ashirin da bakwai an yi musu haka. Goma sha huɗu ba a taɓa ba. Daga kujerar, ta taga, ana hango ƙarshen fili. Babu tabarau a ofishin.

Da la'asar aka kawo Malam Abdulfatahi ofishinsa na makaranta. Mahmudu ya zaunar da shi a kujerarsa ta ofis, shi ya tsaya.

"Malam, wace rana yara suka auna fili?"

"An ce Litinin."

"Yaushe suka miƙa littattafai?"

"Lokacin tashi ne dai, ɗaya da rabi."

"Kana ina?"

"Na gaya maka, Yallaɓai, ina Bobi."

"Tun safiyar Talata makullin ofishin nan yana hannun wa?"

"Hannunku."

"Kafin nan fa?"

"Ni kaɗai nake riƙewa."

Mahmudu ya buɗe littafin Umaima ya tura gabansa. "Wannan sa hannun wane ne? Karanta mini kwanan watan."

Hedimasta ya dubi shafin. Ya ce mai yiwuwa wani ne ya kwaikwayi hannunsa. Mahmudu ya tambaye shi ko Ndako yake nufi, mutumin da yake dangwala yatsa in zai karɓi albashi. Ya jawo rajistar malamai ya shimfiɗa kusa da littafin, ga sa hannun iri ɗaya. Sannan ya shiga buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa, har tebur ya cika da jan biro.

Shekara talatin mutumin nan yana duba littattafan yara. Hannunsa ya saba, in ya gama shafi sai ya sa hannu ya sa kwanan wata, ba ya shawara da mai shi. Hali zanen dutse. Ya tsara ƙaryar Bobi da kyau, ya kuma rubuta da kansa sau ashirin da bakwai cewa ranar Litinin yana zaune a kan kujerar nan.

Bai yi kuka ba. Ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta sanarwa. Ya ce a dogon hutu ya ɗauko leburori daga wani gari suka matso da ginshiƙai biyu, ya sayar wa wani ɗan kasuwa da abin da ya fita a kan cewa gonar gado ce. Ya ɗauka ba mai lura, wuri ne na ciyawa. Da ya ga yara da igiya ya san asiri zai tonu. Ya fita ya laɓe a gari har aka tashi, ya dawo lokacin da ya san Ndako yana gona. Nufinsa ya gyara littattafan, yara arba'in da ɗaya su tafi gida da sanin cewa su ne suka yi kuskure, Isma'ila kuma a ce tsufa ya fara taɓa shi. Yana cikin na ashirin da bakwai ya hango shi ta taga da tef da igiya.

Ya ce ya bi shi ya roƙe shi. Ya yi masa tayin kuɗin rabin fuloti. Isma'ila ya ce shi ba zai gaya wa yaro ya yi kuskure alhali ya auna daidai ba, kuma gobe zai kai magana ga iyayen yara. Suka kama igiya suna ja.

"Tura shi kawai na yi, Yallaɓai. Ban yi niyyar kisa ba."

"Likita ya ce ya kai awa uku yana numfashi."

Mahmudu ya ci gaba.

"Daga nan zuwa asibiti minti goma ne a babur. Kana da babur."

"Na kulle ofis na kama hanyar Bobi. Ina so a gan ni a can."

"Da ka dawo kuma ka ce a tambayi maigadi."

Mahmudu ya saurari zuciyarsa ko zai ji fushi, bai ji ba. Ya rubuta jawabin, ya karanta masa, ya miƙa masa biro. Mutumin ya sa hannu. Saje ya zare jan biron daga aljihun hedimasta ya jefa a ledar shaida tare da littattafan, ya sa masa ankwa.

Rana ta kusa faɗuwa suka isa caji ofis. Babban jami'i ya karanta jawabin a tsaye, ya ce to, mota dai ba za ta tafi Minna wayam ba. Ya sa hannu a takardar sakin Ndako.

Aka buɗe bayan kanta aka ce tsoho ya fito. Bai motsa ba, ya ɗauka tafiyar ce ta zo da wuri. Sai da Mahmudu ya faɗa masa sau biyu cewa gida zai tafi. Ya fito yana dafa bango, aka ba shi hularsa da takalmansa na roba, ya riƙe su a hannu bai sa ba.

A daidai ƙofa suka yi kiciɓis da wanda ake shigarwa. Ndako ya ga farin gemu, ya ga ankwa, bai gane abin da yake gani ba. Ya matsa gefe ya ba da hanya, ya rusuna kamar yadda ya saba kowace safiya.

"Barka da yamma, Hedimasta."

Malam Abdulfatahi ya kawar da kai. Saje ya tura shi ciki ya ja ƙofa.

Mahmudu ya ce, "Baba, sa takalminka. Gidanka da nisa."